Agogon Makka

Lailatu ta dawo daga makaranta da albishir: malamin kimiyya ya ce kowace ɗaliba ta samo na'ura ɗaya a gida, ta kwance ta, ta zana kayan cikinta. Kafin ta rufe baki, duk gidan ya juya ya kalli bango.

Can agogon Alhaji Barau yake rataye, wanda ya sayo shekarar da ya sauke farali. Agogo ne mai kiran salla, sai dai har yau bai san ya iso Birnin Kudu ba. Ƙarfe huɗu da rabi, rana na dukan ƙeya, yake kiran magariba. Da azumin bara wani baƙo daga Kwandiko ya ji shi, ya yi bisimilla ya shanye kofin kunu. Alhaji kam bai ga laifinsa ba. Duk wanda ya tambayi dalili, sai ya gyara zama ya ba shi labarin Makka tun daga hawa jirgi.

"Ga tocila," in ji Alhaji da sauri.

"Baba, mutum tara sun riga ni."

"Fanka fa?"

"A zafin nan?" in ji matarsa, Hajiya A'i. "Alhaji, ba kai ne mai yi mana wa'azin ilimin 'ya mace ba?" Ta rangaɗa guɗa.

Aka baje tabarma, maƙwabta suka leƙo. Alhaji ya tsuguna riƙe da murfin kwano, ana zuba masa kusoshi, kamar mai jiran a fito da ɗansa daga tiyata.

"Ki yi a hankali wajen ladanin."

"Baba, ga ladanin naka. Bai kai murfin kwalba ba!"

Hajiya ta yi dariya har ɗankwali ya zame. Lailatu ta gama zane, ta haɗa komai, ta danna wani maɓalli da shekara shida ba wanda ya lura da shi.

Ran nan agogo ya kira magariba tare da ladanin unguwa, baki ɗaya. Mata suka yi ta tafi. Wani baƙo, Malam Iliyasu, ya zo gaisuwa, ya zauna daidai ƙarƙashin agogon, bai ko ɗaga kai ba. Alhaji ya yi tari. Ya sake yi. Baƙo ya ce Allah ya sawwaƙe.

Da safe ya tare Lailatu a zaure, ya rage murya.

"In malam ya ba ki makinki, ki mayar mini da shi Makka."