Baƙon Kimosop Ya Ƙi Zuma

Shekara sittin da 'yan kai Kimosop ya yi a bakin tafkin Bogoria yana rataya amya a kan itatuwan ƙaya. Amma duk wanda ya zo da tambaya a kan filamingo, jajayen tsuntsayen nan masu dogon wuya da suke rufe ruwan kanwar tafkin, gidan ƙanensa Chesang ake nuna masa. Chesang ne yake yi wa baƙi jagora. Shi aka ba koriyar riga da madubin hangen nesa, shi mutanen ƙauye suke kira Uban Tsuntsaye. Duk sa'ad da sunan nan ya faɗa kunnen Kimosop sai ya tofar da yawu.

"Yaron da na goya a bayana," in ji shi, "wanda zakara ya taɓa kora har cikin ɗaki."

Wata safiya, a hanyarsa ta duba amya, ya tarar da filamingo ɗaya a cikin ciyawa yana jan fiffike. Gaggafa ce ta kai masa sura ta kuskure. Kowa ya san irin wannan wurin Chesang ake kai shi. Kimosop ya duba gabas, ya duba yamma, ya naɗe tsuntsun cikin bargo, ya kai shi ɗakin 'yan awaki, ya ɗaure masa fiffiken da sanda da jijiya kamar yadda yake ɗora ƙafar akuya. Niyyarsa ya kiwata shi har ya fi kowane tsuntsu a tafkin ja, sannan ya sake shi ranar kasuwa a idon jama'a, a san wane ne babba.

Matarsa Teriki ta leƙo. "Baban Chelimo, wannan baƙon kuma daga ina?"

"Ja bakinki ki kawo gero."

Ya watsa gero, tsuntsun bai ko kalla ba. Ya kawo zuma sabon yanka. Ya tsiyayo nonon gora mai ƙamshin gawayi, wanda ba a fito wa kowa da shi sai surukai. Tsuntsun ya tsaya a kan ƙafa ɗaya ya juya masa ƙeya.

A rana ta uku Teriki ta ajiye kwanon ruwan da ta ɗauraye tukunyar kunu da shi a bakin ƙofa. Sai ga tsuntsun ya tako, ya sunkuyar da wuya, ya kifa kansa cikin ruwan har saman bakin ya koma ƙasa, yana kaɗa shi, ruwa yana tsartowa ta gefe.

"Ashe baƙonka a kife yake ci," in ji Teriki. "Kai kuma kana ta yi masa hidimar surukai."

Da tsararon kunu ya rayu har wata guda. Fiffiken ya kama. Sai dai sababbin gashin da suka fito farare ne tas, ƙafafun da suke ja kamar garwashi suka koɗe, kuma kwanciyarsa ta fi tsayuwarsa yawa.

"Ka shigo da filamingo, za ka fitar da balbela," in ji ta. "Je ka tambayi ƙanenka."

"Gara in mutu."

"Ai ba kai za ka mutu ba. Shi ne."

Kwana biyu Kimosop yana haɗiye maganar nan kamar ƙaya. A na uku, da hantsi, ya tarar da wuyan tsuntsun a shimfiɗe a ƙasa kamar igiya. Ya ɗaga, wuyan ya sake faɗuwa. Ya ɗauko bargo, ya naɗe tsuntsun, ya kama hanyar tafki.

Chesang yana wajen maɓuɓɓugar ruwan zafi da baƙi huɗu. Da Chesang ya buɗe bargon sai fuskarsa ta sauya.

"Yaya, me ka yi masa?"

"Na ba shi abin da ko kai ban taɓa ba ka ba. Zuma, nono, kunun gero."

Chesang ya cije leɓe don kada dariya ta kufce masa. Ya durƙusa a gaɓa, ya ɗebo ruwan tafkin a tafin hannu, kore shar da gansakuka.

"Ga tuwonsa, ga miyarsa. Bakinsa rariya ne, yana tace wannan ya zubar da ruwan. Jan da kake gani a jikinsu daga koren nan yake fitowa."

"Wannan ƙazantar da ko akuya ba ta sha?"

"Ita fa, Yaya."

Ya karɓi tsuntsun, ya shiga taɓo har gwiwa, ya tallafe ƙirjinsa a kan ruwa. Ya yi ta riƙe shi a haka. Can sai kan ya kife, bakin ya fara kaɗawa a hankali. Baƙin suka ɗau tafi, suka ɗaga na'urorin hoto. Chesang kuwa yana ta shafa fiffiken yana dubawa.

"Wannan ɗorin naka ne? Ni da na yi shi, da ya warke a karkace." Ya juya ya gaya wa baƙin haka da harshensu, yana nuna wansa da haɓa. "Taho, Yaya, ka riƙe shi a ɗauke ku tare."

Kimosop ya zuba wa ƙanensa ido yana neman ba'a a fuskarsa. Da ya same ta, da ya san amsar da zai bayar. Bai samu ba, wannan kuwa ya fi komai ƙona masa rai.

"Ina da aiki," in ji shi. "Ni ba a ba ni riga don tsayuwa ba."

Ya naɗe bargonsa ya juya. Taku goma ya yi ya tsaya bayan wata ƙaya, inda yake zaton ba a ganinsa. Bai gusa ba sai da ya ga wuyan ya ɗago da kansa, tsuntsun ya zame daga hannun Chesang, ya nufi sauran yana tangaɗi.