Jami'a Ta Gwada

Lambar ta fito a fuskar kwamfuta. Auta ta cire tabarau ta goge da gefen farar rigarta ta ɗakin gwaji, ta mayar, ta sake dubawa. Lambar tana nan daram.

Tun safe take ba injin awon dalma, ƙarfen nan mai guba, samfurin ruwan rijiyoyi, kwalba bayan kwalba, duk suna fitowa ƙasa da layin haɗari. Wannan kuwa ta tsallake layin ta ninka shi ninkin ba ninkin. Ta wanke bututun injin da tataccen ruwa ta sake zubawa, tana roƙon Allah ya sa injin ne ya yi halinsa. Tsohon inji ne, ya girme ta, lallaɓa shi ake yi kamar kakan da ba ya son hayaniya. Amma yau, ranar da take so ya yi ƙarya, lafiyarsa ƙalau.

Ta juya kwalbar. A ƙa'idar binciken digirinta na biyu ba a rubuta sunan mai rijiya, lamba ake ba ta, wannan kuma an rubuta mata ta bakwai. Auta ba ta buƙatar tambayar kowa. Rijiyar ƙofar gidansu ce.

Da farko ba ta yi niyyar sa ta a ciki ba, Baba ne ya kafe. Tsohon direban bas ne, bai yi nisa a karatu ba, don haka duk abin da ya fito daga jami'a a wurinsa magana ta ƙare.

"Kina yawo kina gwada na mutane," ya ce mata, "namu laifin me ya yi?"

Ranar ɗibar samfurin sai da ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya jefa guga da hannunsa, ya kira maƙwabta su zo su ga ƴarsa da safar hannu tana cika kwalba. Ita ma ta yi dariya a lokacin. Ba ta ko waiga bayan katangar gidan ba, inda masu fasa tsofaffin batiran mota suka shekara da shekaru suna tuttular da ruwan batir a ƙasa.

* * *

Da ta dawo da yamma, tun daga bakin layi ta hango bokitai a jere. Da can gidaje kaɗan ne ke ɗiba a wurinsu, unguwar tana da wasu rijiyoyin. Amma tunda aka ga ƴar jami'a ta ɗebi wannan, sai magana ta zaga cewa an gwada ta, kuma a kunnen mutane abin da aka gwada ya ci jarrabawa ke nan. Ba wanda ya tambayi me gwajin ya nuna.

A jikin katanga kuma ga sabon rubutu da shuɗin fenti, ko bushewa bai gama ba: RUWAN SHA KYAUTA. JAMI'A TA GWADA.

"Ya kika gani?" in ji Baba, bakinsa har kunne. "Sadaka ce ga mahaifiyarki. Duk wanda ya sha, ladan ya kai mata."

Auta ta ce ya yi kyau, ta shige ciki da sauri, tana jin haushin kanta.

A tsakar gida matar yayanta tana haɗa wa jaririyarta madarar gwangwani. Yaya yana aiki a wani gari, sai ƙarshen wata ake ganinsa. Auta ta tsaya tana kallon ruwan yana gangara daga filas zuwa kwalbar shayarwa.

"Anti, wane ruwa ne wannan?"

"Naki mana, Malama. Na jami'a."

"Daga yau ki riƙa haɗa mata da na leda. Zan kawo miki."

"Ikon Allah. Ai ina tafasawa har sai ya yi kuka."

Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa dalma. Ruwan ne ke tashi, ita ta zauna. Kuma dalma ba ta kayar da yaro yau. A hankali take taruwa a jiki, sai shekaru sun ja a ga yaro ba ya riƙe karatu, a ce haka Allah ya yi shi. Auta ta rubuta wannan a babi na biyu da kyakkyawan Turanci, har an yaba mata. Yanzu ga shi ta rasa yadda za ta faɗe shi a gidansu. Ta karɓe kwalbar daga hannun Anti ta zubar a magudana.

"Lafiyarki kuwa?" Anti ta ce, tana kallonta sama da ƙasa. "Ko bokon ne ya fara taɓa ki?"

* * *

Ofishin Farfesa, mai duba aikinta, cike yake da kundayen ɗaliban da suka gama. Sun cika kantoci sun sauko ƙasa, biyu daga ciki ma da su aka tokare ƙofa don iska ta shigo. Mutum ne mai fara'a, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, shi ya sa ake tsoronsa. Ya bi jadawalin da bakin biro har ya kai ta bakwai, ya tsaya.

"Wannan bare ce a cikin lissafi. Ki tsaftace alƙalumanki."

A sashen kowa ya san ma'anar tsaftacewa. Lambar da ta fita daban da ƴan'uwanta sai a cire ta, zane ya fito sumul, mai jarrabawa na waje ya rasa abin tambaya.

"Yallaɓai, na maimaita awon. Haka yake fitowa."

"Ƴata, bara na rubuta wa hukuma rahoto a kan wannan yankin, na ce ruwansa ba matsala. Da sa hannuna. Yanzu kina so ɗalibata ta tsaya gaban majalisar sashe ta ce ban san aikina ba, a kan kwalba ɗaya?"

"A bayan rijiyar ake fasa batir, Yallaɓai. Kuma gidanmu ne."

Farfesa ya ajiye biro. Ta ga wani abu ya gitta a fuskarsa, har ta fara sa rai.

"Subhanallahi. To ki gaya musu a gida, a hankali, su daina sha. Wannan tsakaninki da iyayenki ne. Amma gida daban, kundi daban."

"Babana ba zai yarda da bakina ba. Ko layi biyu ne a rubuta mini a takardar sashe, a buga hatimi."

"Hatimin sashe ba na wasa ba ne." Ya miƙa mata takardunta yana murmushi. "Ranar Alhamis za ki gabatar. In ta bakwai tana ciki, ba zan sa hannu ba, sai ki jira wata shekarar. Ki yi tunani, ke yarinya ce mai hankali."

* * *

Ta samu Baba bayan la'asar yana ƙulla sabuwar igiyar guga, tsohuwar ta tsinke saboda yawan ja. Ta durƙusa gefensa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya saurare ta har ƙarshe, hannunsa bai bar igiyar ba.

"Guba," ya ce. "A ruwan da kika sha kika girma har kika kai jami'a."

"Lokacin ba a fara fasa batir ba, Baba."

"Wa ya mutu? Wa ya kwanta?"

"Ba haka take yi ba. Yara take ci a hankali."

Ya ɗebo ruwa a kofi ya ɗaga shi saitin rana. Garau yake, ko ƙura babu. Wannan ne abin da ya fi ƙona wa Auta rai: da ma a ce ja ne ko yana wari.

"Malaminku fa, me ya ce?"

Nan ta so ta yi ƙarya, kuma da ta yi da ta huta. Amma ba ta saba yi wa wannan tsohon ƙarya ba.

"Ya ce in cire ta daga lissafin."

"To." Baba ya shanye ruwan ya kife kofin. "Mutumin da ya koya miki aikin ya ce ba komai, ke ɗaliba kin ce da komai. Auta, na tsaya gaban unguwa na rubuta sunan jami'a a katangata, na ambaci mahaifiyarki. Gobe in fito in ce musu guba nake rabawa? Kawo mini takarda mai hatimi, wallahi da hannuna zan zuba mata kankare."

Ta tausaya masa, kuma ta ji kamar ta girgiza shi. Ta kira Yaya a waya, ya ce ta bi tsoho a sannu har ya zo. Ta tare matan da ke layi ɗaya bayan ɗaya, suka saurare ta cikin ladabi, suka leƙa Baba da ke zaune yana kurɓar ruwansa, suka ci gaba da ɗiba. Wata ma ta raɗa wa ta kusa da ita cewa rowa ce, an ga layi ya yi tsawo. Anti kaɗai ta koma ruwan leda, shi ma don kada a ce ta ƙi jin magana. Da shi take haɗa madara, da na rijiya take wanke kwalbar.

Kwamfutar Auta kuwa tana ɗauke da jadawali biyu, ɗaya da ta bakwai, ɗaya babu. Kullum sai ta buɗe su ta rufe. Mai tsabtar zai ba ta hatimin da zai gaya wa Baba cewa yana da gaskiya, ɗayan kuma ba zai samu hatimi ba sam.

* * *

Ranar Alhamis ta fito da sassafe, jaka a kafaɗa, farar riga a hannu, ba ta yanke komai ba. A bakin rijiya ta tarar da abin da ba ta taɓa gani ba: masu tura kurar ruwa, kowace kura cike da jarkoki, suna jiran Baba ya buɗe murfi.

"Ina za a kai wannan?" ta tambayi na gaba.

"Makarantar firamare ta bayan kasuwa, Hajiya. Famfonsu ya lalace. Shugabar makaranta ta ce a cika tankin yara daga nan, tunda shi ne wanda aka gwada."

Auta ta kalli Baba, ya kawar da kai. Ta ajiye jakar a ƙasa, ta saka farar rigar ta ɓalla maɓallanta har wuya, ta taka ta hau kan murfin ƙarfen ta zauna, ta naɗe ƙafa.

"Auta, sauko. Kada ki kunyata ni."

"Ka yi haƙuri, Baba. Ruwan nan akwai dalma a ciki," ta ce, yadda kowa zai ji. "Ni na gwada. Ba jami'a ba, ni."

Ba wanda ya yi mata faɗa. Masu kura suka ja gefe suka zauna a inuwar katanga. Matan suka kife bokitansu suka zauna a kai, hira ta ɓarke a kan tsadar gawayi da haihuwar da aka yi a ƙarshen layi. Kowa ya san yau take da babban zama a makaranta, Baba ya daɗe da shelantawa. Jira kawai za su yi ta tashi.

Rana ta ɗaga, ƙarfen ya fara zafi a ƙarƙashinta. Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka, ta katse, ta sake yi. Ta san ƴan ajinsu ne, malamai sun zauna, an kusa kiran sunanta. Gumi ya jiƙa mata wuyan riga, layin kuma sai ƙaruwa yake, har ya sha kwana.

Can wata tsohuwa daga gidan da ke kallonsu ta fito tana dogara sanda. Ta daɗe tana leƙen yarinyar ta taga, abin ya dame ta. Ta ratso bokitan a hankali, tana tallafe da kofin silba don kada ya zube, ruwan da ta ɗiba a rijiyar nan jiya ta sanyaya a randa.

"Ungo, jikata," ta ce. "Jiƙa maƙoshinki, ranar nan ta yi miki yawa."