Tambaya ta Bakwai

Shekara ashirin da shida Farfesa ta yi tana bin diddigin abu guda: me ya sa yaro zai karanta shafi tiryan-tiryan, ko gargada babu, amma da ka rufe littafin ka ce ya faɗi abin da ya faru sai ya yi tsuru-tsuru yana kallon silin. Tun tana malamar aji huɗu abin ya tsaya mata a rai. Da shi ta koma jami'a, a kansa ta yi digiri na biyu da na uku, har furfura ta fito mata ba ta sake shi ba. Ofishinta a hawa na biyu yake, ƙarshen baranda. Kujerar baƙi ɗaya ce, ita ma sai an sauke katan kafin a zauna, domin takardun amsoshin yara sun cinye ɗakin.

Abin da ya fito da sunanta wata jarrabawa ce da ta tsara: gajerun labarai, kowanne da tambayoyi goma. A ciki akwai labarin wata mai ɗinki. Maƙwabciyarta ta kawo mata yadi ta ce, “Ki ɗinka a hankali, ba sauri nake yi ba.” Washegari da safe maƙwabciyar ta leƙo ta gaishe ta, ta wuce. Tambaya ta bakwai ita ce: shin maƙwabciyar tana sauri? Amsar da Farfesa ta ajiye “a'a” ce, tunda ga shi a rubuce ƙiri-ƙiri. Amma fiye da rabin yara “e” suke cewa. Daga nan ta yanke cewa yara na tsallake abin da aka faɗa musu a fili, ta rubuta maƙala uku a kai, aka riƙa kafa hujja da ita.

A gida kuwa ba wanda ya san wata Farfesa. Mahaifiyarta, Inna, 'Yar Tambaya take ce mata tun tana rarrafe. Inna ta yi shekara arba'in tana taka keken ɗinki, ba ta taɓa shiga aji ba, kuma duk lokacin da 'yarta ta kawo zancen koya mata karatu sai ta kaɗa hannu.

“Naki ya ishe mu mu biyu. Tukunya ɗaya ba ta son ludayi biyu.”

Sai da jikarta ta tafi karatu nesa ta fara turo saƙo a waya, Inna ta gaji da jiran mai karanta mata. Wata Asabar da safe ta fito falo da tabaranta, ta zauna ta ce, “To, 'Yar Tambaya, zo ki nuna mini abin da suke biyan ki a kai.”

Ba ƙaramin fama aka sha ba. Inna ta yi fushi da “b” da “d”, ta ce tagwaye ne marasa kunya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Maigidan Farfesa in ya zo wucewa da shayinsa sai ya tsaya ya ce, “Inna, yau an ci ko an faɗi?” Ita kuma ta ce, “Wuce dai, surukin banza, kai da ko rubutun hannunka ba ka iya karantawa.” Cikin wata tara ta fara haɗa jimla, yatsanta na bin layi kamar tana bin kalmasa.

Ranar nan, don wasa kawai, Farfesa ta miƙa mata labarin mai ɗinki. Inna ta ɗauki kusan rabin awa. Da ta kai ƙarshe sai ta cire tabarau ta fashe da dariya.

“Ashe tsegumi kike rubutawa! Wannan ai matar nan ce ta gidan kusa da famfo. Mai ɗinkin kuma ni ce.”

Farfesa ta yi murmushi. Gaskiya ne, daga abin da ta gani tana 'yar shekara tara ta ɗauko labarin. Ta bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, Inna na amsawa daidai, har aka zo ta bakwai.

“Tana sauri mana,” in ji Inna.

“Inna, sake duba layi na uku. Me ta ce?”

“Na ga abin da ta ce. Ni fa aka faɗa wa.” Inna ta gyara zama. “Ke, wanda ba ya sauri ba ya cewa ba ya sauri, ajiyewa yake ya tafi. Kuma matar da muka yi shekara biyar ba ta taɓa yi mini sammakon gaisuwa ba, me ya kawo ta washegari? An kira ta neman aiki a asibiti, ba ta da rigar fita, kunya ta hana ta faɗa. Ba ki tuna na ture ɗinkin kowa na yi nata ba?”

Farfesa ta jawo takardar ta ƙura wa layin gaisuwar ido. Ta tuna da gaisuwar, shi ya sa ma ta sa ta a labarin, amma a matsayin ado ta sa ta. Shekara goma sha ɗaya tana sa wa yara jan biro a wurin nan.

“Lafiya? Na faɗi ne?” in ji Inna.

“A'a, Inna. Ina jin ni ce na faɗi.”

Ranar Litinin ta sami abokin aikinta, wanda kowa ke kira Alƙaluma saboda shi ke yi mata lissafin sakamako. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya dafe kai.

“Ranki ya daɗe, maƙala uku fa. Saboda maganar tsohuwa ɗaya?”

“Tsohuwar ita ce mai ɗinkin.”

“To ko da ita ce. Wa ya ce abin da yaran ke nufi ke nan? Wataƙila caɓa kawai suka yi.”

“Shi ya sa za mu tambaye su. Abin da ban taɓa yi ba ke nan.”

Zango guda suka yi suna zagaya makarantu. Ta daina zama a gaban aji, ta koma jan benci kusa da yaro, in ya amsa ta ce, “Me ya sa ka ce haka?” Wasu kam caɓa suka yi, Alƙaluma bai yi ƙarya ba, kuma bai bar ta ta manta ba. Amma da yawa sun nuna layin gaisuwar da yatsa. Wata yarinya mai gibi ta dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa babba da bai gane abu mai sauƙi ba, ta ce, “Malama, ai dubawa ta zo yi ko an gama.”

A taron masana na shekarar, Farfesa ta tsaya gaban mutanen da suka daɗe suna kafa hujja da ita ta ce ta yi kuskure, ta nuna inda yake. Wasu sun ji haushi, musamman waɗanda suka gina nasu aikin a kan nata; wani ma ya daina amsa wasiƙunta. Aka sake tsara jarrabawar, kowace tambaya aka bar fili a ƙasanta don yaro ya faɗi dalilinsa. Ba da maki ya fi wahala, malamai suka yi ta ƙorafi, daga baya suka saba.

Da sabuwar maƙalar ta fito, ta kawo wa Inna mujallar har ɗaki. Inna ta jujjuya ta, ta kai yatsa layin farko, ta ɗago.

“Duk wahalar da na sha, sai ki rubuta da yaren da ba na ji?”

Dole Farfesa ta zauna ta mayar da shafi ashirin zuwa shafi biyu na Hausa, da manyan baƙaƙe. Kwana uku Inna ta yi a kai, a bakin taga inda haske ya fi, ba ta yarda kowa ya taimaka mata ba. A rana ta uku ta aika a kira 'yarta.

“Kin yi ƙoƙari,” ta ce. “Amma kin ce shekarata saba'in da shida. Wa ya aike ki? Ki rage biyu.”

“Inna, an riga an buga.”

“To ki sake tara su ki ce kin yi kuskure. Ai kin iya yanzu.”

Maigidan, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, sai da Farfesa ta tashi ta bubbuga masa baya.