Kwalba Mai Lamba 417

Loretta na cikin juye ƙudaje zuwa sabuwar kwalba sai ta hango jan tef a jikin lamba 417. Hannunta ya tsaya cak. A wannan ɗakin bincike jan tef ma'anarsa ɗaya ce: ranar Juma'a a jefa kwalbar cikin firiza, a kashe irin.

Shekara goma sha tara tana kiwon ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Irin ƙuda ba ya ajiyuwa a ƙanƙara. In ana so ya rayu, sai an sake masa kwalba da abinci duk bayan mako biyu, har abada. Shi kuwa 417 ragon iri ne na gaske. Sinadarin da ke ɗaure ƙwayoyin jiki wuri guda kamar danƙo bai cika a jikinsa ba, don haka yawancin 'ya'yan tun cikin ƙwai suke wargajewa. Shekara goma sha ɗaya tana lallaɓa shi, kuma a jihar Minnesota ta Amurka kaf babu mai shi sai ita.

Ko sallama ba ta yi ba ta faɗa ofishin Dakta Halvorsen, sabon shugaban ɗakin, wanda rabonsa da taɓa ƙuda tun yana ɗalibi.

"Dakta, wa ya liƙa wannan?"

"Ni ne. Loretta, wuri ya yi mana kaɗan. Ƙudan da ko tashi ba ya iyawa, me za mu yi da shi?"

"Kai ma ai ban taɓa ganin ka tashi ba, ga shi an ba ka ofis. Zo ka leƙa ƙwan a madubin ƙara girma, minti biyu kawai. A nan ake ganin abin da danƙon yake yi, don a nan ne babu shi."

"Na riga na yanke. Juma'a."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta koma teburinta ta buga wa Dakta Imelda Quiroga waya, wata tsohuwa mai bakin tsiya da ke bincike kan tsokar ƙuda a ginin da ke tsallaken titi.

Da azahar sai ga Imelda, dusar ƙanƙara a kafaɗarta, ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Halvorsen, yaro, ina roƙon iri. Lamba 417."

Masu binciken ƙuda suna faɗa kan komai, amma abu ɗaya ba a yi: wani ya roƙe ka iri ka hana shi. Wanda ya hana, kafin taron shekara ya zagayo labarinsa ya riga shi isa.

Halvorsen ya dubi Loretta. Ita kuwa ta duƙufa tana goge tebur mai tsabta.

"Me za ki yi da shi, Imelda?"

"Soyawa zan yi. Ina ruwanka?"

Halvorsen ya miƙa hannu ya ɓare jan tef ɗin da kansa.

Loretta ta zura kwalbar cikin rigar sanyinta, daidai ƙirji, don iskar Janairu kan kashe ƙuda kafin a tsallaka titi. Suna cikin tafiya Imelda ta ce, "Ke, ki sani fa ba ni da mai kula da guragun nan naki. Kuma ni ko sau ɗaya ba zan juye su ba."

"Wa ya ce ki taɓa min su?" in ji Loretta, ta ƙara dafe ƙirjinta. "Duk bayan mako biyu, ranar Talata lokacin cin abincin rana, zan zo in juye su da kaina. Ki dai bar min ƙofa a buɗe."