Baki Ɗaya a Gidan Lakain

Ban taɓa ganin 'ya'yana sun ƙoshi kamar a makon da ƙanƙara ta kwanta mana kwana uku a jere ba. Ganyen dankali ya ƙone ƙurmus tun daga bakin fadama har gindin dutse, kuma kowa a Kandep ya san abin da ke cikin ƙasa ba zai kai mako biyar bai ruɓe ba. Sai muka shiga tono. Aladu ma ba abin da za a ba su, aka bi su da yanka. Gari ya turnuƙe da hayaƙi da ƙanshin kitse, yara na yawo baki sharkaf da maiƙo, manya kuwa ba mai kallon idon wani.

Surukata Tukime ce ta fara faɗin abin da kowa ke gudu.

"Yakapus, yaushe za mu sauka?"

Mijina ya ci gaba da gwiguyar ƙashi. "Inna, an ce gwamnati za ta kawo shinkafa."

"An ce! Wancan karon ma an ce. Sai da muka binne ƙanwarka sannan buhu ya iso."

Mu mutanen dutse, kowane gida yana da gidan da ke saukar da shi a kwari, inda sanyi ba ya kai wa. Idan ƙanƙara ta cinye gona, can ake sauka a zauna har ƙasa ta warke. Namu gidan aminin surukina ne, mahaifin wani mai suna Lakain, a kwarin Lai. Duk lokacin da karuka ta nuna, 'ya'yan itacen nan masu mai da ba sa yi sai a kan dutse, surukina kan cika jakar saƙa biyu ya kai musu da ƙafarsa. Da tsofaffin biyu suka mutu, sai Yakapus ya gano cewa direbobi na sayen karuka a bakin hanya. Shekara shida ke nan ko ƙwaya ɗaya ba ta sauka kwari ba. Na yi magana har na gaji. Abin da muka samu rediyo ne da takalmin sojan gwanjo, wanda yake sawa ran Lahadi yana taku kamar ɗan majalisa.

Muka jira shinkafa mako bakwai. Dankalin da muka ɓoye ya koma ruwa mai wari. Muka koma cin ganyen daji da ɓargon itace. Gidaje suka fara rufuwa, yau wannan, gobe wancan, har ranar da na fito da safe na ga hayaƙi a rufi uku kawai. Gashin Lendame, ƙaramar 'yata mai shekara huɗu, ya fara ja. Ba ta kuka, kuma wannan shi ya fi ba ni tsoro.

Kwana biyu muka yi a hanya. Yakapus a gaba, Inna da sandarta, ni da Lendame a goye, yayarta Kipame mai shekara tara tana riƙe da hannuna. Duk ƙauyen da muka ratsa a gangare, mata na tsaye a bakin shingen gonakinsu, suna amsa gaisuwa ba tare da sun matsa ba.

Tun daga nesa na hango gonar da surukina ya noma a wancan karon. Akwai mutane a cikinta. Da muka matso na gane bayan matar Pambene, maƙwabcinmu, wanda muke yi wa dariya saboda har yau yana ɗaukar karuka a wuya yana gangarawa. Ta ɗago ta gan mu, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tono. An riga mu.

Lakain ya tarbe mu da fara'a, ya rungumi Yakapus.

"Ɗan'uwa, ashe kana nan da rai! Na ɗauka hanyar ce ta zaftare."

"Harkoki ne suka yi yawa, ɗan'uwa."

"Ai na ji. An ce har direbobi sun san sunanka."

Aka shimfiɗa mana tabarma, matarsa ta kawo ayaba dafaffiya da kaza. Da na ga kazar sai na gane. Wanda zai zauna ba a yanka masa kaza, sandar tono ake miƙa wa matarsa a nuna mata gona. Yaran suka ci. Inna ba ta taɓa ba.

Da aka ɗauke kwano Lakain ya gyara zama. "Ba zan ɓoye muku ba. Mu ma wata huɗu ba ruwa. Gida uku sun riga ku, kuma su ba su daina zuwa ba. Amma Inna ta goya ni ina ƙarami. Saboda ita da Baba, baki ɗaya zan iya ɗauka. Inna ta zauna."

Yakapus ya buɗe baki. Uwarsa ta dube shi, ya rufe.

"Lakain, ɗana," in ji ta, "baki ɗaya ka ce?"

"Ɗaya, Inna."

"To nawa ne, ko? Na bayar. Ni na ci rabona tuntuni. Ka ɗauki yarinya."

Ya dubi ƙasa. "Wacce?"

Duk suka juyo gare ni. Har Yakapus, mutumin da bai taɓa neman shawarata a kan komai ba, yau shi ne ke jiran bakina. Na tsane shi a lokacin, kuma ba na jin kunyar faɗi. Matar Lakain ta ajiye damin yaɗon dankali a gabana, na shuka. A dutsenmu dankali sai ya yi wata goma kafin a tone shi, kuma duk wanda ke wurin ya sani.

Na dubi Lendame da siraran ƙafafunta. Na dubi Kipame, wadda ita ma wuyanta ya zama kamar na kaza, sai dai ba ta faɗi.

Kafin in zaɓa, Kipame ta suɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har babban. Sannan ta tashi ta ɗora damin shukar a kanta, ta bar wa ƙanwarta wurin, ta je bakin hanyar dutse ta tsaya tana jiranmu, ta ba mu baya.