Dokin Ƙofar Ɗakin Inna

Tun da hantsi Suwaiba ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida, ta dawo ta sake sharewa, ta kunna fanka ta kashe, ta leƙa zaure ta dawo. Yau yayanta Najmuddeen zai ɗauko mahaifiyarsu, Hajiya Yelwa, daga Chinade, inda take zaune wurin ƙanwarta tun da aka fara gyaran gidan.

Gidan na ƙasa ne, tsoho tukuf, a tsakiyar garin Azare. Bayan rasuwar mahaifinsu Najmuddeen ya ce a rushe a yi na bulo, kowa ya huta da yaɓe duk shekara. Suwaiba, da ta yi karatun zanen gine-gine, ta tubure. A rushe katanga mai kauri da ke hana zafin bazara shiga ɗaki, don a zuba Inna a bulo mai zafi kamar tanda? Suka yi ta ja-in-ja har ya sakar mata, amma da sharaɗi: in Inna ta dawo ta ce gidan bai yi mata ba, katafila zai kira.

Aiki kam ta yi shi, ba a cewa komai. Azarar da gara ta ci kawai aka sauya. Aka faɗaɗa tagogi, aka ɗora sola a kan soro, aka karkata bakin indararo zuwa tanki don kada ruwan sama ya tafi a banza. Kuma da yake yanar ido ta rufe wa Inna gani, Suwaiba ta sa aka fasa duk wani dokin ƙofa, wannan tudun da ake tsallakewa a bakin ɗaki, aka shimfiɗa daɓe sumul tun daga zaure. Da wannan ta fi alfahari.

Mota na tsayawa ta ruga ta kama hannun tsohuwar.

"Sake ni, ke," in ji Inna. "A gidana za a yi mini jagora?"

Ta ɗora tafin hannu a bango ta bi shi a hankali, tana shaƙar iska. "Ƙasar tana nan," ta ce. Suwaiba ta saci kallon yayanta, zuciyarta fes.

Da Inna ta zo bakin ɗakinta sai ta ɗan tattare zani, ta ɗaga ƙafa sama kamar yadda ta saba tun tana amarya. Ƙafar ta sauka ba ta tarar da komai ba. Ta yi gaba luu, da Najmuddeen bai taro ta ba da goshinta ya sha daɓe. Ta tsaya tana haki, tana lalube ƙasa da yatsun ƙafa.

"Ina ne nan?" ta tambaya.

Suwaiba ba ta taɓa jin tsoro a muryar uwarta ba sai ranar. "Ɗakinki ne, Inna. Na cire ne don kada ki yi tuntuɓe."

"Ku mayar da ni Chinade. Can ai na san baƙuwa ce ni."

Ta ƙi shiga. Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya ta zauna, ko mayafi ba ta cire ba. Najmuddeen bai ce ai na faɗa ba, abin da ya fi ƙona wa Suwaiba rai ke nan. Cewa kawai ya yi, "In an yi la'asar sai mu kama hanya," ya bar jakar Inna a mota.

Suwaiba ta shiga ɗaki ta fito, ta zaga bayan gida, ta dawo, ta sake zagawa. Haushi take ji, ta rasa na wa. Can bayan gida ta ci karo da sauran tubalin da magina suka bari da ɗan tarin jar ƙasa. Ta tsaya tana kallonsu. Sai ta tuɓe takalmi, ta buɗe famfon tanki, ta shiga kwaɓa ƙasa da ƙafa, leshin da ta ci ado da shi don tarbar Inna yana shan taɓo.

Ta jero tubalin a bakin ɗakin, a kan sabon daɓen da ta hana kowa takawa da takalmi. Najmuddeen ya dawo daga masallaci ya same ta a durƙushe.

"Ikon Allah! Injiniya, yau kuma ke ce magini?"

"Yaya, don Allah matsa, ka tare mini haske."

Inna ta ɗaga hanci. "Wa ke kwaɓa ƙasa?" Ta miƙe, ta bi bango har ta iso, ta miƙa ƙafa ta taɓa ɗanyen ginin, ta shafa shi daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ya yi gajere," ta ce.

"Inna, in ya fi haka zai kayar da ke."

"Ya daɗe da kayar da ni. Babanku daidai doguwar ƙafarsa ya gina shi. Ranar da na tare sai da na zube a gaban dangin miji, yana can zaure yana dariya." Ta sake taɓa ginin da ƙafa. "Ƙara."

Suwaiba ta ƙara ƙasa, tana goge hawaye da kafaɗa. Inna ta sake aunawa, ta ce a ɗan ƙara ta dama. Sannan ta tattare zani, ta ɗaga ƙafa ta tsallake. Ba wanda ya ce mata komai ta juya hagu, ta nufi gadonta ta zauna, ta zame mayafi.

"Ke Suwaiba," ta kira daga ciki, "ce wa yayanki ya shigo mini da jakata. Kuma ya ɗaga ƙafa, bai bushe ba."