Dalmar Milutin

Milutin ya kashe wayar cikin haushi. Wai shi ɗansa Slavko zai gaya wa magana, yaron da ya koya wa riƙon bindiga! Likita a garin Užice ya ga gubar dalma a jinin Tijana, jikarsa, shi ke nan ɗan nasa ya yanke hukunci: yarinya ba ta sake taka ƙauyen sai tsoho ya daina zubin harsashi.

Abin ya ci masa rai. Tun yana saurayi yake narka dalma, ya zuba a mazubi, ya cika kwanson harsashinsa da kansa don aladun dajin da ke cinye masara. A rumfa yake yi can bayan itatuwa, ƙofa da kwaɗo, ko kyanwa ba ta shiga. Tufafin aikin ma a can yake tuɓewa. Su mutanen birni da sun ji kalmar bindiga sun sami mai laifi.

Ya nufi madafa yana masifa kan maganar likitan, sai ya ji warin da ya sani. Matarsa Desanka na tsugune da tsohon ludayi a kan wuta, ga kwanon ruwa, ga maƙwabciya riƙe da jaririnta an lulluɓe shi da jan ƙyalle. Desanka ta tsiyaya narkakkiyar dalma cikin ruwan, ya yi cuu. Zubin firgita ne, yadda tsofaffin mata ke yi wa yaron da ya tsorata.

Ya daure har baƙuwar ta fita. Da ya tambayi matarsa inda ta sami dalmar, ta ce ai ta san inda yake rataye mabuɗi.

"Kin yi wa Tijana?"

"Lokacin da kare ya bi ta. Ta kurɓi ruwan, na sa mata ɗan guntun dalmar a ƙarƙashin matashi. Ta so shi, kullum yana bakinta."

Sai a nan Desanka ta tuna maganar likitan. Ludayin ya suɓuce ya faɗi.

Milutin ya zazzage mata duk abin da ke cikinsa, har kaji suka watse a tsakar gida. Ita kuwa sai hawaye. Ya san ɗansa sarai, zuciyarsa ce ya gada. In ya ji wannan, uwarsa ba ta ƙara ɗaukar yarinyar nan har ta mutu.

Ya shiga rumfa, ya tattara mazubai da tukunya da sandunan dalma cikin buhu, ya dawo ya jefa ludayin a kai. Sannan ya kira Slavko. Ya ce a gaya wa likita yarinya ta tsotsi dalma.

"A ina ta samu, Baba?"

"Ni na bar ƙofa a buɗe. Zo ka kwashe kayan, na daina. Ka taho da ita, kakarta na kewarta."